Ɗan'uwa, yaushe rabonka da littafi?

Salama a gare ku 'yan'uwana cikin Ubangiji. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Lahadi, na rasa yadda zan yi in haɗiye shi, shi ya sa na ce bari in faɗa muku.

Bayan an tashi sujada muna tsaye a ƙofar majami'a, mu manya, cikinmu har da masu furfura, sai wani saurayi da bai daɗe da yin baftisma ba ya zo ya gaishe mu. Ya ce, "Iyayena, ina so in yi girma cikin bangaskiya. Bayan Littafi Mai Tsarki, wane littafi za ku ce in karanta?" Sai wuri ya yi tsit. Wannan ya dubi wancan. Can sai ɗaya ya ce masa ya dage da addu'a. Wani ya laluba aljihu ya ciro waya, ya ce zai tura masa bidiyon wani wa'azi mai zafi. Daga baya na ja yaron gefe muka yi magana, amma shirun nan ya hana ni barci. A ce mutanen da suka shekara ashirin, talatin suna bin Yesu, babu wanda sunan littafi ko ɗaya ya zo bakinsa?

Mun daina karatu. Gaskiyar ke nan ko da ɗaci. Muna kiwon ranmu da guntayen bidiyo na minti biyu, da saƙonnin da ake turawa ana cewa duk wanda ya rubuta amin zai ga buɗi kafin ƙarshen wata. Yatsa yana ta murza waya har dare ya raba, amma shafi biyar na littafi sai hamma. Sannan mu yi mamaki don me ƙaramar iska take kaɗa mu, don me duk wanda ya riƙe makirfo ya ɗaga murya yake iya kwashe mu ya yi gaba da mu. Ubangiji ya riga ya faɗa ta bakin annabi Yusha'u, mutanensa suna hallaka saboda rashin sani. Rashin sani kuwa ya fi dare duhu.

Na san abin da wani zai ce: "Ni Littafi Mai Tsarki ya ishe ni." Madalla, babu littafin da ya kama ƙafarsa, kuma duk abin da zan ambata a nan ƙarƙashinsa yake. Amma tsakaninka da Allah, shi ɗin kana karanta shi? Littafin Amos sura 9 ne kacal. Yaushe ka zauna ka karanta shi daga farko har ƙarshe, ka ji yadda Allah yake fushi da masu sayar da matalauci a kan takalmi, masu rage mudu, alhali suna cika wurin sujada da waƙoƙi? Mutumin Habasha nan da ke cikin karusa Ishaya ne a hannunsa, yana karantawa da babbar murya, amma da Filibus ya tambaye shi ko yana fahimta, cewa ya yi ina zai fahimta in ba wani ya bayyana masa ba. Bai ji kunya ba, ya ce Filibus ya hau su zauna tare. Aikin littafi mai kyau ke nan, mutumin da ya riga ka tafiya ne yake hawa ya zauna kusa da kai.

Ku dubi manzo Bulus. Yana ɗaure, ya tsufa, ya gaya wa Timoti cewa lokacin tashinsa ya yi, ya gama tseren. A cikin wasiƙar nan ɗaya, 2 Timoti 4:13, sai ga shi yana roƙo a zo masa da alkyabbar da ya bari a Taruwasa wurin Karbus, da littattafai, tun ba ma fatun nan masu rubutu ba. Mutumin da ya ga Ubangiji a hanyar Dimashƙu, wanda aka ɗauke shi har sama ta uku, yana bakin mutuwa yana neman abin karantawa. Mu fa, me muka gani da har muka ƙoshi?

Su kuma 'yan kaɗan ɗin da ke karatu a cikinmu, ina roƙo ku duba abin da kuke karantawa. In duk littattafanka a kan yadda za ka yi arziki ne, da yadda maƙiyanka za su faɗi, da yadda za ka karɓi naka, to kanka kake ta karantawa, ba Almasihu ba. Littafin da bai taɓa sa ka ajiye shi ka durƙusa ka nemi gafara ba, bai taɓa sa ka tuna da gwauruwar da ke kusa da kai ba, shafa ka kawai yake yi.

Akwai wani fasto Bajamushe, Dietrich Bonhoeffer. A 1937, lokacin da Hitler yake kan ganiyarsa, ikilisiyoyi da yawa sun sunkuyar da kai sun bi gwamnati, ya fitar da littafin da aka sani a Turanci da The Cost of Discipleship, a kan tsadar almajiranci. Tun daga surar farko ya kama abin da ya kira alheri mai araha: wa'azin gafara ba tare da tuba ba, baftisma ba tare da horon ikilisiya ba, alheri babu gicciye, babu bin Yesu. Babban kaso na littafin bayani ne a kan Wa'azin Yesu a kan dutse, Matiyu 5 zuwa 7, kuma ba ya ba ka hanyar zamewa ko kaɗan. In Yesu ya ce ka ƙaunaci maƙiyinka, Bonhoeffer zai tsare ka a wurin har ka yarda cewa da kai ake. Abin da ya sa nake girmama littafin nan, mai shi ya biya kuɗin abin da ya rubuta. A watan Yuni 1939 abokansa sun samar masa mafaka a Amurka, Yaƙin Duniya na Biyu na ƙaratowa. Bai yi wata guda ba ya koma Jamus, don ya ga ba shi da bakin sake gina ikilisiya bayan yaƙi in bai sha wuya tare da mutanensa ba. Aka kama shi a 1943. Ranar 9 ga Afrilu 1945 aka rataye shi a sansanin Flossenbürg, yana da shekara 39, saura makonni kaɗan yaƙin ya ƙare a Turai. Ɗan'uwa, ka nemi littafin nan. Zai dame ka, damuwar kuwa alheri ce.

Masu cewa ruwan mai bi da abin da ke faruwa a gari kaɗan ne, mu dai sama za mu, ku zo ku ji. William Wilberforce ya shiga majalisar dokokin Ingila yana da shekara 21, saurayi mai kuɗi, mai daɗin baki, ba abin da ya dame shi sai shagali. A kan wata doguwar tafiya a keken doki wajen 1785 ya karanta littafin wani fasto mai suna Philip Doddridge tare da abokin tafiyarsa, daga nan suka koma Sabon Alkawari. Zuciyarsa ta karye. Ya so ya bar siyasa gaba ɗaya, amma John Newton, tsohon kyaftin ɗin jirgin bayi da ya tuba, ya ba shi shawara ya tsaya ya bauta wa Allah a inda yake. Ya tsaya. Shekara da shekaru yana kai ƙudurin hana cinikin bayi ana kayar da shi, sai a 1807 majalisa ta amince da ƙuri'a 283, masu ƙi 16. Littafi ne aka buɗe a cikin keken doki, ya kai ga haka. Wa ya san abin da Allah zai yi da ɗanka in ka sa masa littafin kirki a hannu?

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Martin Luther King, fasto baƙar fata ɗan Amurka. A watan Afrilu 1963 aka kulle shi a kurkukun Birmingham a Amurka saboda zanga-zangar lumana a kan wariyar launin fata. Aka shigo masa da jarida, a ciki shugabannin addini takwas, fararen fata, sun rubuta cewa abin da yake yi ba hikima, kuma lokaci bai yi ba. Ba shi da takarda, sai ya fara amsa musu a gefen jaridar. Babu ɗakin karatu a wurin. Amma ka karanta wasiƙar ka gani. Ga Amos yana cewa adalci ya malalo kamar ruwa. Ga Shadrak da Meshak da Abednego. Ga Agustin, malamin ikilisiya na dā, yana cewa dokar zalunci ba doka ba ce. Ga John Bunyan da ya zaɓi zaman kurkuku a kan ya yanka lamirinsa. Duk suna cikinsa tun kafin a rufe ƙofar, domin ya karanta su lokacin da yake da sarari. Ranar da za a tsare ka, ko a gadon asibiti, ko a gaban mai tuhumar bangaskiyarka, ko a wurin aiki da aka miƙo maka takardar ƙarya ka sa hannu, abin da ka zuba a ciki shi zai fito. Me ka zuba? Me zai fito?

Shi Bunyan ɗin nan, mai gyaran tukwane ne, bai yi zurfi a makaranta ba. Ya shekara 12 a kurkukun Bedford don ya ƙi daina wa'azi, ya bar mata da yara a gida, cikinsu har da 'yarsa makauniya. Littafinsa The Pilgrim's Progress, labarin mai bi da ya ɗauko kaya a baya ya kama hanyar birnin Sama, ya fito a 1678, an fassara shi cikin harsuna sama da 200. Yaro zai iya fahimtarsa. Iyaye mata, ku karanta wa 'ya'yanku shi da dare. Agustin kuma ɗan Afirka ne, an haife shi a 354 a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya. A littafinsa Confessions ya tona asirin kansa a gaban Allah, da sha'awar jiki da girman kai da hawayen uwarsa Monika, har ranar da ya ji muryar yaro tana cewa ɗauki ka karanta, ya buɗe Romawa 13. Matashin da ke kokawa da zunubi a ɓoye, yana ganin shi kaɗai ne, ya karanta wannan.

In tambayoyi ne suka cika maka kai, akwai Mere Christianity na C. S. Lewis, wanda asalinsa jawabai ne da ya yi a rediyon BBC lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka haɗa su a 1952. In so kake ka san yadda mai bi zai yi tunani a kan aiki, talauci, yaƙi da aure, John Stott ya rubuta Issues Facing Christians Today a 1984.

Akwai kuma waɗanda nake rubuta wannan da su a zuciyata, masu ciwon da ba ya faɗuwa, waɗanda aka kashe musu nasu, aka ce su yafe, suka kasa. Ba zan yi muku faɗa ba. Ku nemi ɗan ƙaramin littafin Bishop Festo Kivengere na Yuganda. A watan Fabrairu 1977 aka kashe Babban Bishop Janani Luwum a mulkin Idi Amin, shi kuma Kivengere ya tsere da matarsa ya bar ƙasar. A shekarar nan ya fitar da littafi mai suna I Love Idi Amin. Bai wanke azzalumin ba, bai ce abin da aka yi daidai ne ba. Ya nuna yadda ya kai ɗacin zuciyarsa gindin gicciye. Wanda ya sha irin abin da ka sha, maganarsa tana shiga inda tawa ba za ta kai ba.

Kada kuma ku haɗiye komai don an buga shi a takarda. Marubutan nan mutane ne, suna da inda suka yi tuntuɓe. Ku yi yadda mutanen Biriya suka yi wa Bulus kansa, kowace rana suna bincika Nassi su ga ko haka ne.

Kada ka ce ba lokaci. Wayarka tana ƙirga awannin da kake ba ta, buɗe ka duba. Kada ka ce Turancin ya yi maka nauyi, ka sami ɗan'uwa ku zauna tare, ɗaya yana karantawa ana bayyanawa, shafi biyu ma karatu ne, sannu ba ta hana zuwa. Zumuntar matasa, kuna da ƙarfin kwana kuna koyon waƙa, ba laifi, amma ku ware ko awa ɗaya ku tattauna sura guda. Iyayenmu fastoci, da girmamawa nake faɗa, in makiyayi ba ya karatu ana ji a wa'azinsa, tumaki kuma suna ramewa a hannunsa. Ku ambaci littattafai daga bagade. Ku ba da aron naku, ko ba za a dawo da su ba. Masu hali a cikinmu, ku saya ku ajiye a majami'a don marasa hali.

Don Allah, 'yan'uwana, ku karanta. Ina roƙonku saboda sunan Yesu, kada makon nan ya wuce ba ka ɗauki littafi ɗaya ba. Fara da Amos yau da dare, ka kashe wayar nan tukuna.