Kafin a raba dashe a gaɓar Shuɗin Nilu, a fara faɗa mana mai bishiyar

Daga Rusairis zuwa Sinja, daga Sinja zuwa Maiwurno da Sinnar, gaɓar kogin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan tana zubewa. Mutanen nan suna kiran abin haddam. Ruwa yana cin gindin gaɓa ta ƙasa a hankali, saman yana tsaye kamar ba abin da ya same shi, sai wata rana tsaga ta bayyana taku biyu ko uku daga baki, kafin mako ya zagayo yankin ya faɗa kogi da kuɓewar da ke kansa. Manomin jarf, wato ƙasar bakin ruwa da ake shukawa bayan ambaliya ta janye, ba ya bukatar masani ya zo ya auna masa. Ya san inda kunyarsa ta farko take a bara, ya kuma san cewa bana wurin ruwa ne.

Duk taron da aka yi kan wannan matsala, maganar tana ƙarewa a wuri ɗaya: a dasa itatuwa. Ni ma ina tare da masu cewa a dasa. Amma ina ganin mun fara daga tsakiya. Abin da ya hana Bahaushen bakin Bahar, wato kogin, dasa bishiya ba rashin iri ba ne, ba kuma jahilci ba. Bai san ko za a bar shi ya mallake ta ba, kuma mai ƙasar da yake nomawa yana tsoron kada bishiyar ta zama hujjar ƙwace masa ƙasa. Muddin ba a warware wannan ba, ko an cika motoci da dashe an sauke a kowane ƙauye, awaki ne za su ci riba.

Gaɓar nan ba haka take tsirara ba tun asali. A kwaruruwan da ambaliya ke cikawa duk shekara, waɗanda ake kira maya, akwai dazuzzukan bagaruwa, sunut a bakin Larabawa. Bagaruwa tana jure tsayawa cikin ruwa watanni, shi ya sa ta mamaye wuraren da sauran itatuwa ba sa iya rayuwa. Tun zamanin Turawan Ingila aka keɓe da yawa daga cikin dazuzzukan nan, ana yanka su bi da bi don katakon shimfiɗar layin dogo, ana sake shukawa a bayan yanka. Kakanninmu da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, bayan yaƙin Burmi na 1903, sun tarar da itacen da suka sani tun daga gida. Majemi ya san amfanin ’ya’yan bagaruwa, masassaƙin kwalekwale ya san ƙarfin katakonta, mai magani ya san abin da take yi wa ciwon maƙogwaro.

Abubuwan da suka cinye dajin ba ɓoyayyu ba ne. Akwai gawayi, akwai faɗaɗa gonaki, akwai kuma kamina, wato wuraren gasa jan bulo da suka jeru a bakin kogi. Kamina tana cin gaɓa ta fuska biyu. Ana haƙar lakar daga gaɓar kanta, a kwaɓa ta da kashin dabbobi, a buga bulo a shanya, sannan a jera shi tsibi guda a cusa itace a ramukan ƙasa, wuta ta kwana tana ci. Ramin da aka bari shi ne ƙofar da ruwa zai shiga da damina, itacen da aka ƙona kuwa shi ne saiwar da da za ta riƙe wurin. Ban kawo wannan don a tsani masu bulo ba. Da yawansu ’yan’uwanmu ne, leburori masu neman na cefane, kuma duk gidan da muke kwana a ciki daga hannunsu ya fito. Sai yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya zo ya ƙara rura wutar. Iskar gas ta girki ta yi wuya, garuruwa suka cika da ’yan gudun hijira, kowace tukunya ta koma kan gawayi da itace. Dakarun RSF, abokan gabar sojojin Sudan a yaƙin, sun shiga Sinja a ƙarshen Yunin 2024, sojoji suka karɓe ta a Nuwamba, kuma a irin wannan hali babu mai gadin dajin da zai tsaya a gaban mai gatari.

Shi kansa kogin ya canja hali, kuma wannan ne abin da ba a cika faɗa wa manoma ba. Madatsar Sinnar tana nan tun 1925, ta Rusairis tun 1966, an kuma ƙara mata tsawon mita 10 a aikin da aka kammala a 2013. Sannan Habasha ta fara tara ruwa a babbar madatsarta a Yulin 2020, ’yan kilomitoci kaɗan daga iyakarmu. Madatsa irin wannan tana riƙe yawancin lakar da ruwa ke kwasowa daga tsaunukan Habasha, tana kuma rage tashin ambaliya ta daidaita gudun ruwa a tsawon shekara. Mai injin ban ruwa zai ji daɗin hakan da rani. Amma ruwan da aka raba da lakarsa yana fitowa da ƙarfin kwasar wata, kuma daga gaɓa da ƙasan kogi yake kwasa. Jarf ɗin da a da ake sabunta masa taki kyauta duk shekara zai riƙa samun kaɗan, kwarin da ambaliya ba ta kai masa ba kuwa bagaruwarsa ba za ta sake tsirowa da kanta ba. Ma’ana, abin da kogi ya saba yi mana ba tare da mun roƙa ba, yanzu sai mun sa hannu.

To, wa zai sa hannun? Dokar 1970 ta mayar da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati, alhali a ƙauye kowa ya san ƙasar wace kabila ce da wane gida bisa al’ada. Bahaushe da yawa yana noma ne a tsakanin waɗannan biyun: aro, haya, ko rabon amfani da mai ƙasa, ko da kuwa a garin aka haifi kakansa. A al’adar wurare da dama, kuma ba a Sudan kaɗai ba, dasa bishiya alama ce ta mallaka. Mai ƙasa zai bar ka ka shuka albasa da tumatir shekara ashirin, amma ranar da ya ga ka binne ƙwallon mangwaro zai aiko a kira ka. Ba mugunta ba ce a kowane lokaci, yana tunanin ’ya’yansa ne. Shi ma manomin yana da nasa lissafin: don me zai yi shekara biyar yana shayar da abin da za a iya korarsa a kai ranar da ya fara ’ya’ya?

Mun ga inda maganar ƙasa ke iya kaiwa. A Yulin 2022, rikici ya tashi a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu maƙwabtansu kan ƙasa da sarautar gargajiya, ya ci Rusairis da kewayenta, ya sake tashi a Wad al-Mahi a watan Oktoba. Ɗaruruwan mutane sun mutu, dubun-dubata suka bar gidajensu. Wanda duk zai kawo shirin dasa itatuwa a wannan yanki ba tare da ya zauna da wannan tarihi ba, yana iya tayar da abin da bai yi niyya ba. Idan ƙauyen Hausawa ya wayi gari ya kafa layin itatuwa a bakin kogi da kuɗin wata ƙungiya, maƙwabta ba za su ga gyaran gaɓa ba, shinge za su gani.

Shawarata ita ce a raba mallakar bishiya da mallakar ƙasa, a rubuce, a gaban shaidu. Wannan ba baƙon abu ba ne a Sudan. A arewa, inda dabino yake, an daɗe ana raba amfanin bishiya ɗaya tsakanin mai ƙasa, da wanda ya kawo dashen, da wanda ya shayar da shi, kuma kowa ya san rabonsa, har ana gadonsa. Fiƙihun Malikiyya da mu da maƙwabtanmu muke karantawa yana da babin musaƙa, inda mutum ke kula da itatuwan wani a ba shi kaso sananne na amfanin, kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya yi da mutanen Khaibar a kan rabin abin da gonakin suka bayar. Ba sai an jira majalisa ta zauna ba. Umda, wato basaraken yanki, da shehun ƙauye, da limaman ɓangarorin biyu suna iya zama su rubuta takarda mai shafi ɗaya: ƙasa ta wane ce kuma dashe bai canja hakan ba, itatuwan da wane ya dasa yana da kaso kaza na ’ya’yansu da katakonsu, idan aka rabu, ga yadda za a biya shi. Mai ƙasa ya samu gaɓar da ba ta zubewa, manomi ya samu dalilin ɗaukar bokiti.

Ita ma hukuma tana da ƙofar da ba mu cika ƙwanƙwasawa ba. Dokar daji ta 1989, shekarar da aka kafa Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa, ta yarda a yi wa dajin al’umma rajista da sunan ƙauye. Dokar 2002 kuma ta wajabta barin kashi 10 cikin 100 na manyan gonakin damina, da kashi 5 cikin 100 na gonakin ban ruwa, a ƙarƙashin itatuwa, ko da yake wanda ya ratsa gonakin Gadarif ya san yadda ake bin ta. Hukumar tana da wani tsari da take ba manoma fili a cikin gandun da aka yanke, su shuka abincinsu tsakanin layukan ƙananan itatuwa na ’yan shekaru, su kula da su har su kafu. A wurin mutumin da ba shi da ƙasa, wannan dama ce, in dai za a rubuta masa abin da zai samu bayan itatuwan sun rufe fili.

Dalilin da ya sa nake da yaƙini a kan wannan hanya yana ƙasar Hausa ne. A Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, manoma suka fara barin kututturen da ke tohowa a gonakinsu, suna zaɓar rassa masu ƙarfi suna sassabe sauran. An ƙiyasta cewa filin da ya farfaɗo ta haka ya kai kadada miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, yawancinsu ba wanda ya dasa su. Abin ya kankama ne lokacin da manomi ya daina ganin itacen gonarsa a matsayin na malamin daji, ya tabbata in ya rene shi shi zai sare reshensa ya sayar. Gawon da ya cika gonakin Damagaram shi ne haraz ɗin da ke nan Sudan: yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya tare wa dawa rana, da rani kuma ’ya’yansa abincin dabbobi ne.

Akwai masu cewa mutanen da suka fito daga yaƙi abinci suke nema, ba inuwa ba. Suna da gaskiya, kuma shi ya sa bai kamata a cinye wa kowa jarf ɗinsa da sunan daji ba. Tsiri ne ake bukata a bakin ruwa, ciyawa mai saiwa da kara a can ƙasa, bagaruwa a kwari, kurna da aduwa da tsamiya a tudu, lemun tsami da gwaba da mangwaro inda injin ban ruwa ke kaiwa, kayan miya a tsakani. Bagaruwa ma ba ta bukatar leda da gandun reno. A tara ’ya’yanta da rani, a jiƙa irin a ruwan zafi ya kwana don ɓawon ya yi laushi, a bi ruwa yana janyewa ana watsawa cikin danshin laka. Aikin gayya ne na kwana biyu, nafir kamar yadda ake cewa a nan. Wahalar tana zuwa daga baya, wajen tsare tsiron daga awaki har ya fi ƙarfin bakinsu.

Kada kuma a yi wa mutane alkawarin da itace ba zai iya cikawa ba. A kwanar da kogi ke dukan gaɓa mai zurfi kai tsaye, ruwa yana haƙa ƙasa da inda saiwa ke kaiwa, bishiyar da gaɓar su tafi tare. Irin wannan wuri sai dutse da aikin injiniya, kuma nauyin gwamnati ne. Haka nan a yi hattara da duk wanda ya zo da itace mai saurin girma. Miskit da aka shigo da shi don tare hamada ya mamaye filayen Gash da Tokar da Sabuwar Halfa, har gwamnati ta ba da umarnin kawar da shi a 1995, kuma har yau manoman Kasala suna fama.

Sauran mutum ɗaya da dole a kira zaman, shi ne makiyayi. Shanu da raƙuma suna gangarowa Bahar da rani ta hanyoyin da aka sani tun kaka da kakanni. Duk tsirin itatuwan da ya toshe mashaya, ko an yi masa shingen ƙaya, ba zai kai shekara ba, kuma zai bar gaba a bayansa. Takardar da umda da limamai za su sa wa hannu ta faɗi faɗin burtalin da za a bari, da inda mashaya take, da watannin da za a buɗe dajin a yi kiwo a ƙarƙashinsa bayan itatuwan sun tasa, da tarar wanda dabbarsa ta shiga kafin lokacin.