Yadda "yes" da "no" suka haɗa baki suka hana ni cin shinkafa

Wallahi na daina bugun ƙirji da Turanci. Satin da ya wuce Yayana ya kira ni da sassafe, wai akwai wata dattijuwar Baturiya 'yar Ingila da ta zo bincike kan rini, shi kuma an tura shi Dutse aiki, in taimaka in zaga da ita cikin gari. Ya ce ai kai ne mai kiredit a Ingilishi. Na ce Yaya bar min ita kawai. Har guga na yi wa shaddata.

Mu dai a Hausa tambaya ba ta da wahala, "kin gaji" da "kin gaji?" ɗaga murya ne kawai ya raba su, in ka so ka liƙa "ko" a ƙarshe shi ke nan. To da haka na fara mata, "you tired?", "you like it?", kuma tana ganewa, da na tsaya a nan da na tsira da mutuncina. Sai shaiɗan ya tuno min da malaminmu na aji biyu da yake cewa tambayar Turanci sai an sa mata "do" ko "did" a gaba. Muna cikin adaidaita na gyara zama na ce "Madam, did you slept well?" Ta yi murmushi ta ce "I did sleep well", har da ɗan danna "sleep" ɗin, ni kuwa na ɗauka salon mutanen Landan ne. Da za mu sauka na ƙara mata da "do you are ready?" Ita kuma "isn't it" ban bar jimla ɗaya ba sai na rataya mata ita, don a wajena ita ce "ko" ɗinsu.

A marinar Ƙofar Mata aka fara samun matsala ta gaske. Matar nan ta san rini fiye da ni da aka haifa a Kano, ta tsaya bakin rami tana min bayanin ganyen baba da ake rini da shi da toka da yadda ake barin ruwan ya yi kwanaki yana ruɓa kafin a tsoma yadi, da yadda ake cewa wurin yana nan tun 1498, da yadda Buzaye ke sayen baƙin rawani mai sheƙi. Abin ya burge ni sosai, na ce bari in yaba mata, ina so in ce kin iya bayani ƙwarai. Na buɗe baki na ce "Madam, you talk too much."

Shiru. Har marinin da ke tsugune a gefe sai da ya ɗago kai, shi da ban zaci yana jin Turanci ba. Na ga fuskarta ta yi ja wur, na ce toh ko rana ce, bari in ƙara mata wani yabon, ganin yadda take ta tafiya a ƙasa ba gajiya da shekarunta. Na ce "you are too old but you are very very strong." Daga nan har muka shiga Kurmi muka fito ba ta ce min komai ba sai "how much".

Wajen ƙarfe biyu muka shiga wani gidan abinci, ni kuma tun kokon asuba ban sa komai a cikina ba, har jiri nake gani. Ta dube ni ta ce "haven't you eaten?" Wato ba ka ci abinci ba? Kowane Bahaushe ya san amsar wannan, e, ban ci ba. Na ce "yes Madam" da ƙarfina. Ta ce "oh good", ta sa aka kawo mata dafa-duka faranti ɗaya da cinyar kaza, ni aka dire min ruwan gora. Na zauna ina kallon cinyar nan, kunya ta hana ni magana, ka san mu da kara, ina za ka ce wa baƙuwa saya min abinci. Can ta lura da yadda nake haɗiyar yawu ta ce "you're not hungry, are you?" Na ce alhamdulillahi ga dama ta biyu, ɗazu "yes" ta cuce ni, kuma wannan ma a fili take, ba ka jin yunwa ko? A'a, ina ji mana. Na ce "no Madam!" Ta gyaɗa kai ta ci gaba da cin kazarta hankali kwance, har ƙashin ta ajiye a gabana.

Da dare na ba ƙanwata labari, yarinyar da ke aji biyar a sakandare, sai da ta faɗi daga kan kujera don dariya. Ta ce Yaya su ba tambayar suke amsawa ba, abin da ya faru suke amsawa, in ka ci "yes", in ba ka ci ba "no", ko ta wace fuska aka juyo tambayar. Wai ita "did" ta riga ta ɗauke nauyin jiya, don haka "sleep" za ka bari yadda yake. "Too" kuma ba "sosai" ba ce, "very" ce sosai, ita "too" irin gishiri ya yi wa miya yawa ce, abu ya wuce gona da iri har ya ɓaci. Wato na ce wa baƙuwar Yaya ta cika surutu kuma ta tsufa tukuf. Na ce to su ba su da irin su fari fat da baƙi ƙirin ne, da ba a rikita mutum haka ba, ta ce Yaya ka dai ci tuwonka.

Washegari ban jira tambaya ba, muna saukowa daga Dala na ce "Madam, I am very hungry." Faranti biyu na share da lemo. Ta dube ni tana dariya ta ce "you eat too much." Wannan karon na gane sarai abin da take nufi, na ce "yes Madam", na jawo ragowar kazarta.