Kafin tsohuwar mota ta koma gudu, a fara tabbatar da za ta tsaya

Duk wanda ya taɓa sayen tsohuwar mota don ya farfaɗo da ita da hannunsa ya san abin da ransa ke fara ɗoki a kai. So yake ya murza makulli ya ji inji ya amsa. Daga nan sai tunanin fenti, sai kujeru, sai fitilu. Birki kuwa can ƙarshe ake tura shi, da hujjar cewa ai an taka feda an ji ta da ƙarfi, ke nan lafiyarsa ƙalau. A ganina wannan tsari a juye yake. Birki ne aikin farko. Mai motar zai iya yinsa da kansa, ina ma ganin gara ya yi, amma bisa sharuɗɗan da babu sassauci a cikinsu.

Idan inji ya lalace a hanya, mota tsayawa take yi, ka sauka ka nemi mai janta, abin da ka yi asara lokaci ne da kuɗi. Idan birki ya shanye, motar ba ta tsayawa, kuma wanda za ta auka wa sau da yawa mutum ne da bai san ka ba, bai kuma yi shawara da kai a kan gyaran da ka yi ba. Lissafin ma ba ya tausayi: in ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin da birki zai kashe ya ninka sau huɗu. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana ɗora wa birki aikin da ya ninka na mai gudun 50 har sau huɗu, kuma duk wannan ƙarfi zafi yake komawa a jikin faifai ko gangar birki. Gwajin da aka yi a tsakar gida da taku biyu na feda bai faɗa maka komai game da wannan zafi ba.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne zama ya fi tafiya cin birki. A fara da man birki. Nau'o'in da aka fi amfani da su, DOT 3 da DOT 4, suna da ɗabi'ar zuƙar danshi daga iska, ta murfin tulun mai da ta jikin robobi, ko da motar ba ta motsa ba. Ƙa'idar DOT 3 ita ce sabon mai ba zai tafasa ba sai zafi ya kai digiri 205 a ma'aunin Selshiyos, amma da ya sha ruwa kusan kashi 3.7 cikin ɗari, wannan mizani sai ya sauko zuwa 140. Na DOT 4 daga 230 yake saukowa zuwa 155. To, birki na aiki ne saboda ruwa ba ya matsuwa: abin da ƙafarka ta tura, shi ke isa ga taya. Tururi kuwa yana matsuwa. Da man ya tafasa a doguwar gangara, sai feda ta nutse har ƙasa, motar tana ci gaba da tafiya. Mugun abin shi ne bayan an huta man ya huce, sai feda ta dawo da ƙarfinta kamar ba abin da ya faru, mutum ya ɗauka tsautsayi ne ya wuce. Shi ya sa kamfanonin mota da dama ke cewa a canza man duk shekara biyu. Yanzu a auna motar da ta yi shekara goma a ajiye da mai guda a cikinta. Ruwan nan bai tsaya ga rage ƙarfin mai ba, ya riga ya sa tsatsa a cikin masta, wato babbar silindar da feda ke turawa, da ƙananan silindojin taya, ya ƙame fistin a cikin kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifai.

Sai robobin da ke kai mai daga jikin mota zuwa taya. Nan ne na koyi cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Na taɓa farfaɗo da wata mota da ta daɗe a ajiye. Na sa sabbin lainin birki, na canza mai, na duba robobin nan daga waje na ga babu tsagewa, na bar su. A fitar farko, ban yi nisa ba sai na ji motar na ja gefe guda, ga ƙauri na tashi. Da na tsaya, zafin da ke fitowa daga tayar gaba ya hana ni kai hannu kusa. Robar ta kumbura ne daga ciki: idan na taka, mai na samun hanyar wucewa da ƙarfi, idan na saki ba ya iya komawa, sai birkin ya riƙe. Daga ranar na daina amincewa da ido a kan roba. Duk motar da ban san tarihinta ba, robobin birkinta gaba ɗaya nake cirewa.

Haka bututun ƙarfe da ke bi ta ƙarƙashin mota. Tsatsa tana cinsu musamman a wuraren da aka ɗaure su, inda laka da danshi ke maƙalewa. Bututun da ya yi ƙuraje yana iya jure taku na yau da kullum, ya fashe ranar da aka taka da dukkan ƙarfi, wato ranar da aka fi bukatarsa. Akwai bututun da aka yi da gaurayen tagulla da nikel, wanda ba ya tsatsa kuma yana da sauƙin lanƙwasawa. Kamfanin Volvo ya koma amfani da shi tun 1976. Shi ne zaɓin da nake ba wa mai aiki a gida. Amma bututun tagulla zalla irin na aikin famfo ba na birki ba ne, kuma ba a yi wa bututun birki faci da matsin da ake haɗa bututun ruwa da shi. Bakinsa sai an buɗe shi da abin aikin da aka yi don haka, a siffar da ta dace da motar.

Wanda motarsa ta girmi ƙarshen shekarun 1960 yana da ƙarin abin lura. Da yawa daga motocin wancan zamani hanyar mai ɗaya gare su, daga masta zuwa tayoyi huɗu. Yoyo a wuri guda ya isa ya raba ka da birki duka, sai hanbirki kawai ya rage maka. A ƙarshen shekarun ne Amurka ta wajabta masta mai hanya biyu, yadda idan ɗaya ta fashe ɗayar za ta riƙe. Na san masu son barin tsohuwar mota yadda ta fito daga kamfani, kuma ina girmama wannan sha'awa a kan fenti da sitiyari da agogon gaba. A kan masta ban yarda ba. Motar da za ta shiga cikin mutane ya kamata a mai da ita mai hanya biyu.

Wasu za su ce tunda abin ya shafi rai, me ya sa ba za a bar wa makaniki ba? Tambayar tana da nauyi, kuma babu wanda zai raina gwanintar mutumin da ya shekara ashirin yana kwance birki. Sai dai birkin tsohuwar mota abu ne da mai natsuwa zai iya fahimtarsa daga farko har ƙarshe: feda, masta, bututu, fistin, laini. Na'urar hana taya ƙamewa ta lantarki, wadda ake kira ABS, a 1978 Mercedes da Bosch suka fito da tasu kasuwa, kuma ta ɗauki shekaru kafin ta game ƙananan motoci. Sannan mai mota yana da abin da gareji mai cike da aiki ba shi da shi, wato lokaci. Noti mai tsatsa yana bukatar a jiƙa shi da mai a bar shi ya kwana. Makanikin da aka kawo wa mota aka ce lainin birki kawai za a canza, shi zai canza, ba zai bi kowane bututu da fitila a hannu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in dai ya yarda ya shiga ƙarƙashi ya duba.

Damuwata ta fi yawa a kan ɗaya ɓangaren, masu cewa gyaran birki ai kwance noti biyu ne. Su ne ke shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai. Jak ɗagawa aka yi shi ya yi, ba riƙewa ba. Sai an sa ƙafafun ƙarfe na tokare mota a kan ƙasa mai tauri, an kuma datse tayoyin da ke ƙasa. Su ne kuma ke hure ƙurar gangar birki da baki ko da iskar famfo, alhali tsofaffin laini da yawa na ɗauke da asbesto, wanda ke haddasa cutar dajin huhu da ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa. Jiƙa ƙurar ake yi a goge, da abin rufe hanci na ƙwarai.

Idan birkin ganga ne, a kwance gefe ɗaya a bar ɗayan ya zama abin dubawa, domin sifirin-sifirin da ke ciki suna da kama da juna kuma kowanne da mazauninsa. A ɗauki hoto kafin a taɓa komai. Laini ana canza na hagu da na dama tare, in ba haka ba mota za ta riƙa ja gefe. Faifai yana da mafi ƙarancin kauri da aka zana a jikinsa, a auna, kada a yi kirdado. Kada giris ko baƙin mai su taɓa fuskar laini. Mai kuwa a duba littafin motar: DOT 5 na silikon ne, ba ya gauraya da DOT 3 ko 4 ko 5.1 duk da kamannin suna, kuma wasu tsofaffin Citroën da wani koren mai na daban suke aiki. Ɗigon baƙin mai a tulun birkin da ba a yi shi don haka ba yana kumbura duk robobin ciki. Notin taya da na kalifa suna da ma'aunin ɗauri, akwai sufana mai auna shi, kuma sayenta ya fi amfani da sayen sabon rediyo.

Sauran kula da motar ma da wannan ido nake so a dube shi, a fara da abin da ke kashewa kafin abin da ke burgewa. Taya tana tsufa ko da zanenta bai cinye ba. Tun shekarar 2000 lambobi huɗu ne a gefenta ke nuna haihuwarta: 2318 na nufin mako na 23 a 2018. In ka ga lambobi uku, tayar ta girmi 2000, ba ta da wurin zama a kan titi. Robar fetur da ta bushe gobara ce ke jira. Gaɓoɓin sitiyari a girgiza su a ji ko suna wasa. Injin da ke da bel na taimin, wato bel ɗin da ke daidaita bugun inji, a canza masa kafin a ja shi da nisa. A kuma buɗe littafi a riƙa rubuta abin da aka canza da ranar da aka canza, domin bayan shekara uku babu wanda zai tuna yaushe aka zuba man birki.

Bayan an haɗa komai na birki sai fitar da iskar da ta shiga bututun mai, domin ita ma tana matsuwa kamar tururi. Yawanci ana farawa da tayar da ta fi nisa da masta, mutum ɗaya na taka feda, ɗaya na buɗe notin fitar da iska yana rufewa, ana lura kada tulun mai ya ƙafe, har sai man ya fito garau babu kumfa. Kafin mota ta motsa ko taku ɗaya, a taka feda sau da yawa har ta yi tauri, domin fistin da aka tura baya sai ya dawo ya taɓa laini. Sannan a danne ta da ƙarfi a riƙe kamar rabin minti. Idan tana saɓulewa ƙasa sannu a hankali, akwai yoyo a wani wuri ko masta na zubarwa ta ciki, kuma motar ba ta fita ranar. Idan ta riƙe, a leƙa kowace mahaɗa da fitila a nemi danshi, a gwada a fili da babu kowa da ƙaramin gudu, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ni ko bayan duk wannan, nakan kai motar wurin makanikin da ya san birki, in biya shi ya ɗaga ta ya bi aikina ɗaya bayan ɗaya, kafin in yarda wani ya zauna a kujerar gefe.