Kafin a ce mana mu hau keke, a fara ware mana inda za mu bi

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin mai ya ƙare, abubuwa da yawa sun sauya a rayuwar ƙaramin ma'aikaci irina, amma babu wanda na fi gani da idona kamar dawowar keke kan titunan Birnin Kebbi. Litar man da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce naira 1,000, kuɗin kabu-kabu da na Keke Napep suka bi ta a baya kamar yadda kowa ya sani. Ni kaina na daɗe ina jayayya da aljihuna kafin na jingine babur, na ɗauko tsohon keken da ya shekara da shekaru a ɗakin ajiya, na tura shi zuwa wurin wani dattijo mai gyaran keke da ke zaune ƙarƙashin dogon yaro a unguwarmu. Yana sa mini sabuwar taya yana dariya, ya ce, "Malam, ai ku ne kuka guje mu, ga shi kuma kun dawo da ƙafarku." Na ce, "Baba, ba mu muka dawo ba, mai ne ya koro mu."

Na kawo wannan ne domin a gane cewa abin da zan faɗa ya fito daga wanda yake taka feda kullum safiya. Ra'ayina shi ne mutanen garin nan ba su buƙatar wanda zai yi musu wa'azin amfanin keke, domin tuni suna kansa. Abin da suka rasa shi ne wurin da za su bi ba tare da sun sa ransu a hannun direban tipa ba.

Duk wanda ya fito bayan sallar asuba zai ga su wane ne masu keken. Akwai manomin da ya ɗaure fartanya da gorar ruwa a bayan kekensa zai gangara fadama ya duba shinkafarsa, akwai mai kawo alayyafo da albasa kasuwa tun kafin gari ya waye sosai, akwai mai gadin da ya kwana a bakin aiki yana komawa gida, da ɗaliban sakandare waɗanda wani lokaci uku ne a kan keke ɗaya, da malamin makarantar Islamiyya da littattafansa a cikin jaka. Waɗannan mutane ba don motsa jiki suke hawa ba, kuma ba za ka gan su da hular kwano ko matsattsun kayan tsere ba. Idan ranar 3 ga Yuni ta zagayo, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2018 a matsayin ranar keke ta duniya, ba su ake ɗauka hoto ba. Abin da aka saba gani a garuruwanmu shi ne manyan mutane su hau sababbin kekuna na 'yan mintuna, motar jiniya tana share musu hanya, a ɗauki hoto, sannan kowa ya koma cikin sanyin motarsa. Ba na ƙin bikin, amma titin da jiniya ta share ba shi ne titin da mai albasa zai bi washegari ba.

Ƙasar nan ta taɓa yin wannan darasi a bainar jama'a. A zamanin mulkin Obasanjo, ministan sufuri na lokacin, marigayi Ojo Maduekwe, ya tashi haiƙan yana kiran 'yan Najeriya su rungumi keke, har shi da kansa ya riƙa hawa a Abuja, kuma a 2001 wata motar bas ta ture shi ya faɗa cikin kwata. Jama'a sun yi ta raha da labarin, aka mai da maganar keke abin dariya na tsawon shekaru. A ganina mutumin yana da gaskiya, kuskurensa kawai shi ne ya fara da kira kafin gini. Idan minista da masu tsaronsa bai tsira ba, ina ga yaro ɗan shekara goma sha biyu?

Bari in bayyana abin da mai keke yake fuskanta a nan, domin wanda ke cikin mota ba ya ganinsa. Gefen titi, inda doka da hankali suka ce ya bi, shi ne wurin da iska da ruwan damina suke tara yashi, kuma tayar keke ba ta son yashi ko kaɗan. Da ka shiga sai kan keken ya ƙwace maka. A wannan gefen ne kuma ake ajiye motoci, a nan mai shayi da mai kankana suke kafa teburinsu, a nan ɗan kabu-kabu yake tsayawa ba zato ba tsammani idan ya hango fasinja, a nan kuma za ka tarar da magudanar ruwa a buɗe saboda murfinta ya karye ko an ɗauke. Saboda haka a kowace tafiya sai ka yi ta shiga tsakiyar titi kana fitowa, kuma a duk shigar da ka yi kana caca ne da abin da ke tafe a bayanka, wanda kan iya zama tirela ɗauke da buhunan shinkafa. Idan ka ce bari ka kauce ka bi ta ƙasa, tsidau yana jiranka, ka ƙare a wurin mai faci. Shataletale kuwa shi ne babban tashin hankali, domin a nan ƙa'idar da ake bi ita ce wanda ya fi ƙarfe ya fi gaskiya.

An yi aikin tituna da yawa a garin nan a 'yan shekarun nan, an faɗaɗa wasu, an sa fitilu, kuma duk mai adalci zai yaba. Sai dai faɗin titi da santsin kwalta suna ƙara wa mota gudu ne, kuma gudun mota shi ne abin da ke kashe mai keke da mai tafiya a ƙasa. Wannan ne dalilin da ya sa masana kiyaye haɗurra, har da Hukumar Lafiya ta Duniya, suke ba da shawarar kada gudu ya wuce kilomita 30 a sa'a a wuraren da mutane da motoci suke cakuɗuwa. Titin da aka gyara ba tare da an tuna da mai keke ba yana iya fin tsohon mai ramuka haɗari a gare shi, domin ramukan nan, duk da tsinuwar da muke yi musu, su ne suke tilasta wa direba taka birki.

Idan aka yi wannan magana, amsar farko da ake bayarwa ita ce nan ba Turai ba ne. Gaskiya ne, amma ƙasar Holan da ake misali da ita ba haka Allah ya saukar da ita ba. Bayan yaƙin duniya na biyu biranenta sun cika da motoci kamar na kowa, har a 1971 haɗarin mota ya kashe mutane kusan 3,300 a ƙasar, fiye da 400 daga cikinsu yara ne. Iyaye ne suka fito kan titi suna neman a daina kashe musu 'ya'ya, sai kuma rikicin man fetur na 1973 ya zo ya tilasta wa gwamnati hana tuƙa mota a wasu ranakun Lahadi. Daga nan aka fara gina hanyoyin keke na musamman. Tsadar mai da mutuwar yara a titi su ne suka juya akalarsu, kuma babu ɗaya daga cikin biyun da yake baƙo a wurinmu.

Amsa ta biyu ita ce zafi, kuma wannan ba zan raina ta ba, domin duk wanda ya yi watan Afrilu a Birnin Kebbi ya san cewa ma'aunin zafi yana haura 40, kuma babu mai hankalin da zai so taka keke da ƙarfe biyu na rana. Amma yawancin zirga-zirgarmu da safe ne da kuma bayan la'asar, sannan garin shimfiɗaɗɗe ne in ban da gangaren fadama da wajen tuddan Dukku, kuma mai keke da ke tafiya a hankali, kilomita 15 a sa'a, zai cinye kilomita biyar cikin minti 20. Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, ba ta fi mu sanyi ba, amma an san ta da yawan kekuna, maza da mata suna hawa, kuma a wasu manyan titunanta an ware gefe na musamman domin masu ƙafa biyu. Birnin Sebiya na ƙasar Sifaniya, wanda masu kallon ƙwallo suka fi sani ta dalilin ƙungiyar Sevilla, yana cikin garuruwan da suka fi zafi a Turai, amma daga 2006 cikin 'yan shekaru ya shimfiɗa hanyoyin keke fiye da kilomita 100, a haɗe da juna kuma a katange daga motoci, masu hawa suka ninka sau da yawa. Maganin zafi a wurinmu inuwa ce, kuma dogon yaro ya riga ya nuna cewa yana jure ƙasarmu. Hanyar keke da aka jera wa itatuwa za ta amfani har wanda bai taɓa hawa keke ba.

Abin da ya fi muhimmanci a darasin Sebiya shi ne katangar. Ina roƙon duk wanda zai ɗauki wannan shawara kada ya ɓata kuɗin jama'a wajen zana farin layi a gefen titi ya ce ya yi hanyar keke. Mun san kanmu. Kafin fentin ya bushe wurin zai zama tashar kabu-kabu da wurin ajiye mota. Abin da zai yi aiki shi ne dakalin siminti mai ɗan tsayi wanda tayar mota ba za ta hau shi da sauƙi ba, da faɗin da zai ishi keke biyu su wuce juna, kusan mita biyu, da mai shara da zai riƙa kwashe yashin. Kuma dole hanyar ta kai mutum wani wuri. Guntuwar hanya mai kyau da za ta ƙare a bakin shataletale ta bar yaro a tsakiyar motoci ba ta da maraba da gadar da ta tsaya a tsakiyar gulbi. Da ni ake shawara, da na ce a fara da hanya ɗaya tak, wadda za ta taso daga Gwadangaji ta ratsa gari ta kai babbar kasuwa, sannan a fitar mata da reshe zuwa Kwalejin Waziri Umaru da makarantun da ke kusa, a ga abin da zai faru cikin shekara guda kafin a yi maganar hanyar Kalgo. Lokacin da ya fi araha a yi haka shi ne lokacin da ake zana sabon titi, tun ran gini tun ran zane, domin ƙara mita biyu a takarda ya fi fasa kwalta da magudana daga baya sauƙi nesa ba kusa ba.

Masu sana'a a gefen titi kuwa ba abokan gaba ba ne, kuma duk tsarin da zai fara da korarsu zai mutu tun kafin ya tashi. A ja su baya kaɗan, a ba su wuri a bayan hanyar keken. Mai keke ya fi mai mota saurin tsayawa ya sayi tsire ko lemo. Sauran abubuwan ƙanana ne: ƙarfen ɗaure keke a makarantu da kasuwa da asibiti da masallatan Juma'a, tunda tsoron sata yana hana mutane da yawa fitowa da nasu, da kuma dawo da lamunin keke da gwamnati kan ba ƙananan ma'aikata a da, a riƙa cire kuɗin kaɗan-kaɗan daga albashi.

Mu ma masu hawa muna da namu laifin, kuma ba zan ɓoye ba. Da yawanmu muna bin hannun da ba namu ba, muna fita da duhu babu fitila babu ko abin da ke ƙyalli, wasu kuma birkinsu shi ne dugadugan silifas.

Akwai wani abin da siminti ba zai gyara shi kai tsaye ba, wato raini. A zamanin iyayenmu keken Raleigh abin alfahari ne. Malamin makaranta da ma'aikacin En'e suna goge shi har ya yi ƙyalli, a yi masa ado, a ji ƙararrawarsa tun daga nesa a san wane ne ke tafe. Yau idan aka ce wane ya koma keke, ana nufin ya karye. Na ji wannan a jikina a makon farko, lokacin da wani abokin aikina ya ja ni gefe cikin tausayi ya tambaye ni ko lafiya, ko akwai abin da zai taimaka da shi. Na lura kuma direban da zai rage gudu saboda jif ba ya ragewa saboda ni, domin a idonsa wanda ke kan keke ba kowa ba ne. Ina ganin rainin da rashin hanyar suna ciyar da juna: ba a gina wa mai keke komai saboda ana ganin talaka ne, kuma babu mai hali da zai hau tunda ba a gina komai ba. Ranar da hukuma ta ware masa wurinsa a titi, da siminti da inuwa, ta faɗa wa kowa cewa shi ma mai gari ne, kuma wannan ya fi duk wata sanarwa a rediyo.

Babban ɗana ya shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, kuma tun da ya ga ina fita da keke yake roƙona in bar shi ya riƙa zuwa makaranta da nasa. Tafiyar ba ta kai minti goma sha biyar ba, ya iya hawa fiye da ni, kuɗin Keke Napep ɗin da nake ba shi kullum kuma ina da abin yi da su. Amma tsakanin gidanmu da makarantar akwai shataletale guda da wani miƙaƙƙen titi da tipofin yashi suke bi da safe, saboda haka duk lokacin da ya ce, "Baba, yaushe?" sai in ce masa ya ƙara haƙuri.