Ledar rasit guda Kawu ya kawo min, wai in fitar masa da lissafin shekara

Wallahi yau sai na amayar da abin da ke raina don na gaji. Kawuna ƙanin mahaifiyata tuƙin tasi yake a nan Ingila shekara da shekaru, mai zaman kansa ne ba albashi ake ba shi ba, wato shi zai faɗa wa hukumar haraji ta HMRC abin da ya samu da abin da ya kashe. Ni kuma don na karanta akanta shi ke nan na zama ta gida, duk Janairu sai ya turo min kayansa. Ba na ƙin yi masa, mutumin nan ya yi min wahala tun ina ƙarama, amma fisabilillahi a duba abin da ya kawo min bana.

Leda ce ta kanti cike da rasit, wasu sun sha mai wasu sun sha shayi, rabin na fetur sun koɗe fari fat saboda irin takardar nan ce da zafi ke cinye rubutunta, shi kuma a gaban mota yake zuba su rana na duka. A ciki har da rasit ɗin shinkafa da na takalmin makarantar yara da takardar tarar fakin guda biyu, wai in sa su cikin kuɗin da aka kashe. Na ce Kawu tara ba ta shiga, ya ce ai a bakin aiki aka ci shi. Littafin da zai nuna ran kaza na samu kaza kuwa babu shi, ko shafi ɗaya.

Shekarar haraji a nan daga 6 ga Afrilu take farawa ta ƙare 5 ga Afrilu na gaba, sannan a ba ka har 31 ga Janairu ka cike fom ɗin haraji ta intanet, kusan wata goma cur. Wata goma fa! Amma sai da ya rage kwana tara ya bugo min waya wai ɗiyata kin ga lokaci ya ƙure. Kuma ya sani sarai in ranar ta wuce tarar fam 100 ce nan take ko da ba a bin ka ko sisi, in aka haura wata uku kuma fam 10 kullum har kwana 90, wato wata fam 900 a kai.

Kuɗin da suka shigo ta manhajar kiran tasi ba su ba ni wahala ba, na sa shi ya sauko da sitatimen na gwada da na banki suka yi daidai. Inda kaina ya yi zafi shi ne kuɗin hannu. Fasinja ya ba shi fam 20 a hannu ya cusa a aljihu, ya tsaya ya sha mai da su, ya sayi burodi, ya aika wa mutanen gida wani abu, ragowar ya zuba banki in ya tuna. To ni ta ina zan kamo wannan? Na tambaye shi nawa kake samu a hannu a sati, ya ce ya danganta. Kwana nawa kake fita? Ya danganta. Da azumi ka rage fita ko? Sai ya ce yana jin haka ne. Haba Kawu.

Dole na koma bin sawu. Na shiga tarihin gwajin lafiyar mota da ake kira MOT don duk shekara ana rubuta mil ɗin da ta ci, na haɗa da takardun gareji da ya samo da ƙyar, na cire tafiyar gida da kai yara makaranta da zuwa masallaci, wanda shi ma ƙiyasi ne tunda bai taɓa rubutawa ba. Motarsa ƙarama ce ta yau da kullum ba baƙar tasi irin ta Landan ba, don haka yana iya bin lissafin mil a matsayin kuɗin da ya kashe, wanda a shekarar da nake cikewa pens 45 ne kowane mil na 10,000 na farko, pens 25 abin da ya biyo baya. Sai ya ce to a haɗa masa da kuɗin mai da inshora da taya a kai. Na ce ɗaya ake ɗauka, ko mil ko ainihin abin da ka kashe, ba a cin biyu. Sai da muka yi rabin awa a kan wannan kawai.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da ya sassauta murya ya ce ke dai ki sa abin da ya dace mana, kowa haka yake yi. Wa ya faɗa masa? Abokan hirarsa direbobi da suke zama su sha shayi suna koya wa juna cewa kuɗin hannu ba a gani. Alhali tun Janairu 2024 kamfanonin manhaja suke tattara bayanin abin da direba ya samu su miƙa wa hukuma, kuma tun Afrilu 2022 ba ka sabunta lasisin tasi a Ingila sai ka yi tantancewar haraji. Mai bincike in ya zo man da ka sha da mil ɗin da ka ci zai duba ya fitar maka da nasa ƙiyasin, kai da ba ka da ko layi ɗaya a rubuce da me za ka musa masa? Ranar ba ɗaya daga cikin masu shayin nan da zai tsaya maka. Na ce masa Kawu ka yi haƙuri, zan sa ƙiyasi inda babu takarda kuma zan nuna a fom cewa ƙiyasi ne, amma ba zan rage maka abin da na san ka samu ba. Ya yi shiru ya ce wai na zama Baturiya. Maganar nan ta yi min ciwo wallahi, ni da nake kwana a kan tebur bayan na dawo daga nawa aikin don kar a ci shi tara.

Kuma abin ƙara tsanani zai yi, daga Afrilu 2026 mai samun sama da fam 50,000 sai ya riƙa ajiye lissafi a kwamfuta ko waya yana turawa duk wata uku, daga Afrilu 2027 kuma ya sauko kan fam 30,000, kuma jimillar abin da ya shigo ake dubawa ba riba ba, don haka zai iso kansa ko ya so ko ya ƙi.

Bara na saya masa ƙaramin littafi da biro na ce kafin ka kashe mota da asuba ka rubuta abu uku, kuɗin hannu, mil, mai. Jiya da na je duba but ɗin motar ko akwai sauran rasit na tsinci littafin a ƙarƙashin taya, kwana shida kawai aka rubuta a ciki. Yanzu saura kwana huɗu, watan Agusta da Satumba babu takarda ko ɗaya, na kira shi sau uku bai ɗauka ba yana kan hanya da fasinja.