Jikan Sarkin Fawa a Osaka

Tunda Habu ya riga ya watsa bidiyon abin da ya same ni a wani gidan gashin nama a Osaka, gara in ba da labarin da bakina kafin Alhaji ya ƙara masa gishiri. Kun san abin da ya kai mu Japan, injina ne da kayan gyara. Da kwantena ta cika, saura kwana biyu mu taso, sai Habu ya ce ba za mu bar Osaka ba mu leƙa Universal Studios, wani katafaren wurin wasanni, ba. Wai tun 2001 aka buɗe wurin, shi kuma shekararsa huɗu yana karatu a garin bai taɓa shiga ba. Ma'ana dai Alhaji ne zai biya.

Rigimar tun daren da za mu je washegari ta samo asali. Alhaji ne ya zaɓi inda muka ci, irin wanda suke kira teppanyaki. Falalen ƙarfe ne mai zafi a gabanku, kuku da doguwar hula yana tsaye yana juya wuƙa, ku kuna zaune kun naɗe hannu kamar baƙi a gidan surukai. Habu ya ce wani gidan abinci a garin Kobe ke iƙirarin shi ya fara wannan salon a 1945. Naman kam ba ƙarya, kafin ka tauna ya narke. Amma mutumin nan yanka shi ya yi kamar dunƙulen magi, ya jera mini guda bakwai. Na ƙirga. Da aka kawo takardar kuɗi na mayar da shi naira a waya, sai na kife wayar.

To shi ne washegari duk layin da muka hau a wurin wasan, kuma layi ne na awa guda a tsaye, muhawara ɗaya muke yi. Alhaji ya ce mai mutunci gasa masa ake yi. Ni na ce namiji shi ke gasa abinsa, a kai mu yakiniku, inda wutar ke tsakiyar tebur kowa ya ji da kansa. Nan bakina ya ja mini. Na ce ai kakana na wajen uwa Sarkin Fawa ne, a bakin tukuba na tashi. Gaskiyar magana sau biyu na taɓa riƙe mafici a tukubar Kawu, kuma duka biyun korata aka yi saboda ina cin riba. Har cikin wani wasan kwalekwale da ƙaton kifi ke fasowa daga ruwa, wuta na tashi kana jin hucinta a fuska, mutane na ihu, ni ina ce wa Alhaji wannan ai wutar dafa shayi ce.

A ɓangaren Nintendo, kamfanin wasannin bidiyo, na sayi wata jar hula mai harafin M, saboda da shi sunana ya fara. Farar shadda, jar hula. Ku riƙe wannan.

Yini guda gugguru kawai muka ci, don ba mu da tabbacin sauran. Da magariba muka hau jirgi daga tashar Universal City, muka sauya a Nishikujo. Habu ya so ya nuna mana Tsuruhashi, unguwar 'yan Koriya da ta yi suna da gashi, inda ya ce ƙofar jirgi na buɗewa ƙamshin hayaƙi ke shigowa. Amma ya ce can ba ka san yanka ba, kuma miyar da suke tsoma naman sau da yawa akwai mirin a ciki, wata giyar shinkafa mai zaƙi. Sai ya kai mu wani ɗan wuri ta wajen unguwar Namba mai takardar halal a bango.

Teburin da rami a tsakiya, an ɗora raga a kan wuta, gefen ramin kuma 'yan ƙofofi ne da ke zuƙe hayaƙi zuwa ƙasa. Tsarin ci-iya-cinka ne na minti 90, amma in ka bar saura a faranti akwai tara. Yarinyar da ke hidima ta kawo mana wani ƙyallen takarda na ɗaurawa a wuya. Alhaji ya ɗaura, Habu ya ɗaura. Na ce ni an daɗe da yaye ni.

Habu ya fara karatu. "Yaya, da harshe ake farawa, gishiri da lemon tsami kawai, sirara ne, kana ɗorawa kana juyawa. Sai karubi, naman haƙarƙari, shi akwai kitse. Kayan ciki horumon suke ce masa, a gefe ake sa shi. Biyu-biyu ake ɗorawa." Na ce Habu, ka yi digirinka, ka bar mini nama. Mutum na da minti 90 a ce masa biyu-biyu? Na ɗaga farantin karubi na juye gaba ɗaya, na bi shi da hanji, har raga ta ɓace. Sannan na sa hannu a aljihu na zaro ledar yajin da Hajiya ta daka mini, garin ƙuli da citta da barkonon da ba ya jin magana. Na ɗaga hannu sama yadda masu tsire ke yi, na barbaɗa.

Na ɗan lokaci komai ya yi kyau. Har na kalli Alhaji.

Sai kitse ya fara ɗiga. Na ji cuuu, na ji fat, sai wuta ta yi tsalle ta wuce tsayin kofunanmu ta lashi bakin hulata. Wani ƙauri ya bugi hancina wanda ba na nama ba, ashe girata ce ta hagu. A nan mai hankali zai janye naman. Ni jinin Fawa ya motsa, na fizgi kwalin jerin abinci na hau fifita. Fifita, jama'a! Duk hayaƙin da injin teburin ke ta fama ya zuƙe ƙasa, ni na kwashe shi na raba wa jama'a. Alhaji ne ya fara tari. Sai teburin bayanmu. Sai na kusa da ƙofa. Kun san barkono a wuta, ko aljani ba ya zama. Abin da ya fi ƙona mini rai, mutanen nan ba wanda ya zage ni. Da a gida ne da an ɗura mini ashar na rama, an wuce wurin. Wani mai kwat yana tari, hawaye na zuba, ya juyo ya rusuna mini yana cewa sumimasen. Shi ke ba ni haƙuri.

Yarinyar ta taho da gudu da kwanon ƙanƙara ta miƙo. Nan ne wurin da Habu ya maimaita sau uku a bidiyon. Na ɗauka tausayina ta ji. Na ɗauki ɗaya na manna a gira, na jefa ɗaya a baki, na ce arigato, wato na gode, da kumatu a cike. Ta tsaya riƙe da kwano tana kallona, tana kallon wuta. Ni ma ina kallonta, ruwa na bin hannun rigata. Ashe ƙanƙarar ta wuta ce. A kan raga ake ɗora ta, ta narke ta kwantar da harshen wutar, kowa a ƙasar ya san haka, har Habu, wanda da zai iya gaya mini da bai shagala da riƙe waya ba.

Wata tsohuwa ce daga teburin gefe ta taso, 'yar ƙarama, ba ta kai kafaɗata ba. Ta karɓi kwanon, ta jera ƙanƙara uku a kan raga, wuta ta kwanta. Ta zare abin juya naman daga hannuna yadda ake karɓe reza a hannun yaro. Ta ɗauki ƙyallen da na ƙi, ta zagaya bayana ta ɗaura mini. Na zauna shiru aka ɗaura.

Amma ni ba ita ce a raina ba, jikanta ne. Yaro bai wuce shekara shida ba, daga wurin wasan suke su ma, da jar hula irin tawa sak. Tun shigowarmu yake mini murmushi yana nuna hularsa yana nuna tawa, har na ɗaga masa hannu, mun zama 'yan ƙungiya ɗaya. Da abin ya faru, yaron nan ya dube ni, ya dubi girata, ya sa hannu a hankali ya cire hularsa ya tura ƙarƙashin tebur. Bai yi dariya ba. Da dariya ya yi da na yafe masa. Har muka tashi bai mayar da ita ba, kuma duk sanda muka haɗa ido sai ya kau da kai kamar wanda na ci wa bashi. Yaro ɗan shekara shida! Na yi mafarkinsa a jirgi.

Aka zo aka sauya raga, aka ratsa da baƙar ta tsakiyar jama'a kamar shaidar da za a kai kotu. Ƙonannen naman kuma Alhaji ya ce shi ba zai biya tarar gawayi ba, wanda ya gasa ya ci. Na ci. Tsohuwa kuwa ba ta koma ba sai da ta gasa mini harshe yanka huɗu, ɗaya bayan ɗaya, tana sa mini a faranti tana jira in haɗiye. Alhaji ya goge ido ya ce, "To jikan Sarkin Fawa, ga shi dai an dawo teppanyaki, gasa maka ake yi. Bambancin kawai kukun jiya da hula, yau kai ne da hula." Ya ce daga yau M ɗin nan Mai-gobara take nufi.

Yajin ma bai tsira ba. Tsohuwar ta nuna ledar, Habu ya zuba mata kaɗan a gefen faranti, ta dangwala ta ɗanɗana, ta gyaɗa kai. Sai Habu ya miƙa mata ledar gaba ɗaya, da hannu biyu har da rusunawa, kamar uwarsa ce ta daka.

Masu tambayar wanne ya fi, na ƙarfen ko na ragar, ku tambayi Alhaji, shi ya ci duka biyun cikin natsuwa. Girar ta fara fitowa. Shaddar tana wajen mai wanki, ya ce zai gwada. Habu, in ba za ka goge ba, ka yanke wurin ƙanƙarar, kuma kana da bashin yaji.