Ga Masu Aikin Dare a Asibiti: Ku Kula da Inda Kuke Ajiye Mota

'Yan'uwana ma'aikatan asibiti, musamman ku ƙannena da kuka kama aiki kwanan nan, akwai abin da ba a koya mana a makaranta ba, kuma ya daɗe yana damuna: wurin da muke barin motocinmu.

Na san yadda abin yake. Filin cikin asibiti ya cika tun da hantsi, na kusa da shi kuma kuɗinsa na neman cinye albashi. Sai mutum ya zagaya ya samu wani lungu a bayan gini inda ba a biyan komai, ya ce ya dace. Da rana wurin cike yake da jama'a, shaguna a buɗe. To amma ba da rana za ka dawo ba. Mai aikin yamma da haskensa yake shiga, ya fito ƙarfe 10 na dare, lokacin an rufe shaguna, titi ya yi tsit. Wanda aka kira aikin gaggawa ƙarfe 3 na dare kuwa, shi kaɗai zai taka wannan hanyar. Araha ba ta ado. Kafin ka saba da wuri, je ka gan shi a daidai lokacin da za ka riƙa fitowa. Akwai fitila? Akwai mai gadi, ko kyamara mai aiki? Minti nawa ne daga ƙofar sashenku zuwa ƙofar mota?

Wata abokiyar aikina ta fito wata safiya ta tarar an fasa gilashin bayan motarta, ɓaraguzan sun watsu a kan kujera, an ɗauke jakar da ta bari. Babu kuɗi a ciki, sai katin shaidar aiki da makullin gida. Abin da ta kashe a gyaran gilashi da sauya kwado ya ninka wanda ta yi tattali. Har yau ina tuna yadda hannunta ke rawa tana neman lambar wanda za ta kira. Don Allah kada ku bar komai a inda ido zai gani, ko da cajar waya ce.

Batun kuɗi kuma lissafi ne, ku zauna ku yi shi. Mai aikin awa 12 sau uku a mako, ba lallai katin wata ya fi masa sauƙi a kan biyan kullum ba. Idan jadawalinku ɗaya da maƙwabci, ku riƙa shiga mota ɗaya ku raba kuɗin. Sannan ku tambayi ofishin kula da ma'aikata ko akwai rangwame, ko motar da ke kai mutane filin nesa, ko mai gadin da zai raka ku. Da yawanmu kunya ke hana mu tambaya, alhali haƙƙinmu ne. A Sikotilan, tun ƙarshen 2008 aka soke kuɗin fakin a mafi yawan asibitocin gwamnati, a Ingila kuma an ɗauke wa ma'aikatan dare biyansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku haɗa kai ta ƙungiyarku ku kai koke a rubuce.

In za ku fita, ku fita bibbiyu. Makulli a hannu tun daga cikin gini, waya a aljihu, kunne a buɗe. Kada ku tare hanyar motar ɗaukar marasa lafiya wai don kun makara.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne barci. An auna an gano cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, tuƙinsa kan lalace kusan kamar na wanda ya sha giya. Idan ka shiga mota ka ji ido na lumshewa, kulle ƙofa, saita ƙararrawa, ka runtsa na minti 20 kafin ka hau titi. Wannan ba ya yiwuwa a lungu mai duhu. Idan kuma filin rufaffe ne, kashe injin tukuna, domin iskar gubar da ke fita daga salansa ba ta da wari, ba za ka ji shigarta ba.